Gidan da Ke Bin Mai Shi: Ƙasaru Zai Yi ko Cikawa?

Ranar Alhamis da la'asar sakaliya, idan kasuwar Shinkafi ta fara watsewa, manyan motocin da suka yi lodin shanu da hatsi sukan soma haramar kama hanyar Ƙaura Namoda zuwa Gusau, daga can su miƙa kudu. Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli yadda ake haɗa kan tirela da bodinta ba, ya daure ya tsaya wata rana. Bodin na tsaye a kan ƙafafunsa biyu na ƙarfe. A bayan kan motar akwai wani faifan ƙarfe mai kauri, mai tsaga a tsakiya, ya sha giris har ya yi baƙi ƙirin. Direba na dawowa da baya sannu a hankali, yaron mota na gefe yana yi masa nuni da hannu: zo, zo, ɗan karkato dama, tsaya. Sai wani guntun ƙarfe da ke ƙarƙashin bodin ya faɗa cikin tsagar, a ji ƙaras, makulli ya kama. Direban da ya san aikinsa ba ya yarda da ƙarar kaɗai. Zai ɗan ja gaba alhali birkin bodi na riƙe, ya ji ko ya kama da gaske, sannan yaro ya naɗe ƙafafun sama.

Wannan faifan ne Amurkawa suka rage wa girma, suka dasa shi a bayan a-kori-kura, suka maƙala masa gida sukutum. Tsawon wani yakan haura mita 12. Ɗakin kwana yana gaba, a sashen da ya hau bisa bayan motar, sai falo da madafa da ban-ɗaki a ƙasa. Akasarinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Wasu hutu kawai suke zuwa da shi, amma akwai waɗanda suka sayar da gidajensu na ƙasa suka tare a ciki ɗungurungum, musamman tsofaffin da suka yi ritaya. Da hunturu su gangara kudu, su yi cincirindo a hamadar Arizona kewaye da wani ɗan gari mai suna Kwatsayit, da bazara su watse su yi arewa.

Tambayoyin wanda ya sayi irin wannan gida karon farko ba su da nisa da na sabon mai tirela a garejin Gusau ko Sakkwato. Motata za ta iya jan wannan nauyi? Nawa ne ke sauka a kan faifan? Wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin gidan ne, shi ya sa ƙaramar mota ke durƙushewa. Yaushe ake ƙara giris? Taya ba ta suɗe ba amma ta shekara shida, a bar ta ko a sauya? A sauya, don rana na cin roba ko mota na ajiye. Sai batun ruwa, wanda ya fi ba sababbi wahala. Tanki uku ne: na ruwa mai kyau, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na ban-ɗaki. Na ukun ba a barin bakinsa a buɗe, sai ya kusa cika a sake shi gaba ɗaya a wurin da aka tanada, in ba haka ba ruwa ya tsiyaye ƙazanta ta daskare a ciki. Ga rufi da za a riƙa duba liƙinsa kafin ruwan sama, ga bututu da ke fashewa idan ruwa ya zama ƙanƙara.

Duk waɗannan, bakanike na da amsarsu. Akwai wadda ba shi da ita. Musulmin da ya wayi gari a cikin irin wannan gida, gadonsa da tukunyarsa da iyalinsa na tare da shi, amma jiya a wani gari ya kwana, gobe kuma wani zai nufa, idan azahar ta yi raka'a nawa zai yi? Matafiyi ne ya yi biyu, ko yana gidansa ne ya cika huɗu? Ba a ganin irin wannan gida a hanyar Sabon Birni, amma tambayar ta daɗe tana yawo a ƙasar Gobir, kuma a yau ta fi kowane lokaci nauyi.

Direbobi ne suka fi kai ta zaure. Mutum zai durƙusa bayan an shafa fatihar karatu, ya ce, “Allah shi gafarta Malam, ni dai wata ukku ban kwana gida ba. Cikin mota nika kwana, nan tabarmata take, nan butata take. Ƙasarun nan har yaushe za ni yi ta yi?” Malamin da ya san fiƙihu ba ya gaggawar amsawa. Sai ya ce, “Ɗana, ina kaka lodi, ina kaka saukewa? In ka isa, kwana nawa kaka niyyar yi?”

Tambayoyin biyun nan su ne ginshiƙin hukuncin a mazhabar Malikiyya, kamar yadda kowane ɗalibi ya karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan. Na farko nisa: baridi huɗu, wato mil 48 na da, abin da ake ƙiyastawa da kilomita 80 da ɗoriya. Daga Sabon Birni zuwa Sakkwato ta Goronyo ya zarce haka nesa ba kusa ba, don haka da mutum ya wuce gidajen ƙarshe na gari zai mayar da azahar da la'asar da lisha raka'a bibbiyu. Daga Sabon Birni zuwa Isa kuwa bai kai ba, sai cikawa, ko da yake Malikiyya sun yarda a haɗa salla biyu a tafiyar tudu ko gajera ce. Na biyu niyya: duk inda matafiyi ya ƙudurta zai yi kwana huɗu cikakku, ko tsawon salla ashirin, ya fita daga hukuncin tafiya. Hanafiyya sun ce kwana 15. Wanda kuwa bai san ranar tashi ba, kullum yana cewa gobe, kamar direban da ke jiran lodi a tashar Legas, yana nan a matafiyinsa ko da kwanakin sun yi yawa. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi wata shida a Azarbaijan yana ƙasaru, dusar ƙanƙara ta toshe musu hanya.

Akwai wani ƙarin da direbobi kan yi murmushi idan sun ji shi. Shiga garin da mutum ke da matar da ya tare da ita yana yanke tafiya, ko da awa ɗaya zai yi. Mai mata a Isa da mata a Gusau, idan ya shiga Gusau ya zo gida ke nan, ya cika sallarsa. A nan shari'a ba ta tambayi wa ya mallaki ɗakin ba, ko haya ne ko gado. Inda iyali suke shi ne gida.

To idan iyalin na cikin motar fa? Nan ne magabata suka rabu, kuma a kan jirgin ruwa suka yi muhawarar, don a zamaninsu shi ne gida mai tafiya. A cikin Mudawwana, wadda Sahnun ya tattara, an tambayi Imam Malik game da matuƙan jirgin da ke yawo da matansu da 'ya'yansu a ciki, ya ce idan suna tafiya su yi ƙasaru. Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya tabbatar da wannan a Muhtasar ɗinsa, littafin da malaman ƙasar Hausa ke yi wa kallon ƙololuwar karatun fiƙihu. Imam Ahmad ɗan Hambali ya tafi a kan akasin haka. Matuƙin da ba shi da wani gida sai jirginsa, iyalinsa na ciki, tanderunsa na ciki, a wurinsa ba matafiyi ba ne, domin bai bar komai a baya ba. Zai cika salla, zai yi azumi. Malaman mazhabarsa sun kawo hujja: idan aka bar irin wannan mutum ya sha azumi saboda tafiya, yaushe zai rama, alhali duk shekararsa tafiya ce? Shafi'iyya suka bi tsakiya, suka ce yana da damar ƙasaru amma cikawa ta fi masa, don ya fita daga saɓani.

Tanderun nan da Imam Ahmad ya ambata abin lura ne. Bai auna gida da bango ko rufi ba, ya auna shi da wurin da ake hura wuta a dafa abinci. Da zai leƙa gidan tirelar Amurka ya ga murhun gas da firji da gado, da alama zai ce mai shi na gida.

Duk da haka, a ganin mai wannan rubutu ra'ayin Malik ya fi kama da abin da ido ke gani a hanya. Sauƙin da Allah ya yi wa matafiyi, wanda Suratun Nisa'i ta zo da shi a aya ta 101, ba diyyar kewar gida ba ce kaɗai. Hanya kanta na da nata haƙƙi a jikin mutum. Hadisin da Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa ya danganta tafiya da azaba saboda tana hana mutum barcinsa da cinsa da shansa yadda ya saba, kuma matar da ke kusa ba ta ɗauke wannan, wani lokaci ma ƙara shi take, don yanzu rai biyar ko shida ke wuyan direba maimakon ɗaya. Mai jan tan bakwai a bayansa, idonsa na kan madubi, kunnensa na sauraren taya, yana lissafin inda zai sami ruwa da inda zai juya, ba a zaune yake ba ko da kujerar falonsa na biye da shi. Ko alƙibla sai ya sake nema duk inda ya tsaya. Maganar azumi kuwa tana da mafita a cikin mazhabar kanta: Malikiyya sun fi so matafiyi mai iko ya yi azuminsa, kuma ranar da ya tsaya ya ƙudurta kwana huɗu ya zama mazauni, sai ya rama abin da ya sha. Gidan ba ya sauyawa. Abin da ke sauyawa shi ne ko an kwance shi daga mota, da abin da mai shi ya ƙulla a zuciyarsa.

Mutanen da suka fi kowa sanin gida mai tafiya a wannan yanki ba direbobi ba ne. Makiyaya ne, Fulani da Buzaye, waɗanda tun kafin a shata iyakar Nijeriya da Nijar suke hawa arewa da damina su bar wa manoma gonaki, su gangaro fadamun Rima da Bunsuru da Gagare bayan an kawar da amfani. Ranar tashi aikin mata ne. Tun da asuba a kwance bukka, a naɗe tabarmi da zana, a ɗaure sandunan gado wuri guda. Ƙore a jera su, ƙarama cikin babba, a sa cikin ragar igiya don kada su fashe. A ɗora wa takarkari ko jakai, a daidaita nauyin hagu da dama, don kaya in ya rinjaya gefe ɗaya zai yi wa dabba gyambo kafin azahar. A bisa kayan a aza yaro ƙarami da ɗan maraƙin da aka haifa jiya. Kafin rana ta take, inda ruga take ba abin da ya rage sai toka da kashin shanu, wanda mai gona ke murna da shi. Alƙur'ani ya lissafa irin wannan gida cikin ni'imomi: aya ta 80 a Suratun Nahli ta ambaci ɗakunan fatun dabbobi da ba su da nauyin ɗauka, ta jera su tare da gidajen zama, ba ta fifita ɗaya a kan ɗaya ba. Har yau laimar Buzaye da yawa ta fata ce, kuma mallakar matar gida ce.

Mutum zai zaci makiyayi ya fi kowa cancantar ƙasaru, shi da ƙafarsa ba ta huta ba tun yana yaro. Littattafan Malikiyya sun ce a'a. Mai neman ciyawa, wanda duk inda ya same ta zai tsaya, ba ya ƙasaru, sai fa idan ya san tabbas ba zai same ta ba kafin ya ci baridi huɗu. Haka wanda ke yawo bai nufi ko'ina ba. Dalili shi ne tafiya a shari'a ba yawan taku ba ce, nufin wani wuri ne mai nisa tun daga farko. Bafillacen da ke matsawa kilomita goma yau, goma jibi, yana iya kai Dakwaro a haka bai taɓa zama matafiyi ba ko rana ɗaya. Amma ranar da ya bar ruga ya nufi Sakkwato kai tsaye, da ya wuce bukkokin danginsa ya fara ƙasaru, kamar yadda ɗan birni ke farawa idan ya wuce gidajen ƙarshe. Wato shari'a ta ɗauki rugarsa a matsayin garinsa. Wannan girmamawa ce da mutane da yawa ba su lura da ita ba: ba a ce masa marar gida ba.

Inda aka bambanta shi da ɗan gari shi ne Juma'a. A Malikiyya ba a tsayar da ita sai a wurin da mutane suka zauna da niyyar dindindin, a masallaci ginanne, da aƙalla maza 12 'yan garin ban da liman. Halil ya yi wani rarrabewa mai kyau: ƙauyen bukkokin kara ya isa, sansanin laimomi bai isa ba. Ba don kara ya fi fata daraja ba, sai don laima an yi ta ne domin a naɗe. Kotun Ƙolin Amurka ta yi karo da irin wannan tambaya a 1985, a shari'ar jihar Kalifoniya da wani mai suna Carney, wanda jami'ai suka bincika motar da yake kwana a ciki ba tare da takardar izinin alƙali ba. Gida ce, mai alfarmar gida, ko mota ce? Alƙalai shida cikin tara suka ce mota ce, tunda tana wurin ajiye motoci kuma da an murɗa makulli za ta tafi. Suka bar ƙofa a buɗe ga wadda aka ɗora a kan bulo aka ja mata ruwa da lantarki. Ma'aunin malamin Alƙahira da na alƙalan Washintan ya zo ɗaya: a duba ko abin a shirye yake ya tashi.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ɗauki wannan bambanci da muhimmanci ƙwarai. Shi da ya taso cikin jama'ar da ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ta yi shekaru tana sauya sansani, ya ƙare mulkinsa yana kafa garuruwan ribaɗi, yana jan makiyaya su zauna su gina masallaci su sa yara karatu. A Wurno, ribaɗinsa, ya rasu a 1837. Gobirawan da ya yaƙa su ma sun san ɗacin rashin mazauni. Tarihinsu na baka ya taso da su daga Azbin, ya biyo da su Birnin Lalle da Gwararrame kafin Alƙalawa, wadda kufanta ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni a yau. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya dawo bakin gulbi ya kafa Sabon Birni. Fiye da shekara 50 ke nan tsakanin rushewar tsohon birni da ginin sabo. Jikokin waɗanda suka gudu daga Alƙalawa ne suka sami damar cewa nan muka zauna.

Wannan damar ita ce zuciyar maganar. Duk hukuncin ya rataya ne a kan niyya, niyya kuwa sai wanda ke da iko da gobensa. Baturen da ya yi ritaya yana da wannan iko fiye da kima. A Amurka, jihar Dakota ta Kudu takan ba masu yawo da gidajensu lasisin tuƙi idan suka kawo adireshin akwatin wasiƙa da rasidin kwana ɗaya tak a jihar. A yawancin filayen gwamnatin tarayya kuma ana barinsu su yi kwana 14 kyauta kafin su matsa. Shi ke zaɓen ranar da zai sauke ƙafafun gidansa da ranar da zai naɗe su. Direba, mai mota da layin lodi ke yanke masa. Makiyayi, ciyawa da ruwa. Amma dukkansu akwai wani abu da suka sani game da jibi.

A gabashin Sakkwato yanzu akwai dubban mutanen da ba su sani ba. Tun 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Sabon Birni da Isa, dubun-dubatar mutane daga nan da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi, wasu suka yi Bangi ta jihar Tawa. A watan Mayun 2020 aka kashe fiye da mutum 60 a Garki da ƙauyukan da ke kewaye da ita. A Disambar 2021 aka cinna wa motar fasinja wuta da mutane a ciki a hanyar Sabon Birni zuwa Isa, fiye da 20 suka rasu. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Wanda ya ga haka ta faru da basarake, ba sai an ce masa ya tattara ba. Gidan da zai iya ɗauka shi ne abin da amalanke ko bayan babur zai ci: tabarma, tukunya, buhun gero in an samu, yara a bisa. Wasu sun tare a makarantu da kangaye a cikin gari. Wasu da rana suna ƙauye suna ɗan taɓa noma, da yamma su kwashi yara su tafi inda za su kwana.

Mene ne sunan wannan mutum a fiƙihu? Akasari ba matafiyi ba ne. Daga ƙauyukan Sabon Birni zuwa Gidan Rumji bai kai baridi huɗu ba. Ya ƙetare iyakar ƙasa da ƙasa, an rubuta sunansa a rajistar 'yan gudun hijira, amma a ma'aunin salla bai yi nisa ba, don shari'a ba ta san layin da Ingila da Faransa suka ja suka raba Gobir biyu ba. Wanda ya kai Sakkwato ya yi ƙasaru a hanya, amma da ya sauka ya cika, domin Malikiyya sun ce sanin cewa bisa al'ada za ka wuce kwana huɗu daidai yake da niyya, kuma ba wanda ya gudo daga hari yake zaton komawa jibi. Don haka sauƙin matafiyi ya wuce shi.

Sai dai kuma bai zama ɗan gari ba. Malamai sun kasa mutane uku: matafiyi, da mai zaman wucin gadi, da wanda ya riƙi wuri mazauni na har abada. Na tsakiyan zai cika salla, zai yi azumi, Juma'a ta wajaba a kansa idan ana yin ta a inda yake, amma ba a ƙirga shi cikin 12 ɗin da take ƙulluwa da su. An tanadi wannan matsayi ne domin falke da ya zo cin kasuwa, ko ɗalibi, ko ɗan cin rani, mutanen da ke da ranar komawa. Yau ga magidanta sun shekara biyar, shida a cikinsa. Nauyin mazauni duk yana kansu, lissafin 'yan gari babu su. Can kuma ƙauyen da suka baro, idan mazan da suka rage ba su kai 12 ba, masallacin Juma'arsa ya koma na azahar.

Mafita a takarda mai sauƙi ce. Ya yi niyyar zama na dindindin, nan take ya zama ɗan gari. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar sun kwashe wasu daga bakin iyaka zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakwari, inda suke zaune kafaɗa da kafaɗa da mutanen wurin, yarensu ɗaya, wasu ma dangi ne. Amma a dubi abin da niyyar ke nufi a bakin dattijo ɗan shekara sittin. Tana nufin ya sallama gonar da ya gada, da fadamar da yake dasa albasa, da maƙabartar da iyayensa ke kwance. Mutane kan ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, shi kuwa bai bari ba, kore shi aka yi. Idan ya ƙi furta wannan niyya ba taurin kai ba ne, ba kuma jahilci ba. Yana riƙe da haƙƙinsa ne ta hanya ɗaya da ta rage masa. Bai kamata wani malami ko jami'i ya matsa masa ya sake ta don lissafi ya daidaita ba. Juma'arsa bayan limamin garin da ya sauka ta inganta, sallarsa cikakkiya ce, ranar da tsoro ya hana shi fita kuma yana da uzuri karɓaɓɓe.

Akwai kuma babin da ya fi babin salla kusa da cikinsa. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, na ƙarshensu ɗan hanya, wato baƙon da guzuri ya yanke masa ko da mawadaci ne a garinsu. Malikiyya sun sa sharaɗin cewa idan yana da dukiya a gida, sai in bai sami mai ba shi rance ba. Wa zai ranta wa mutumin da dukiyarsa gona ce da ba a isa a shiga ba sai an biya 'yan bindiga kuɗin noma, da shanun da aka riga aka kora daji? Shaihu Yusuf Ƙardawi, a littafinsa na fiƙihun zakka, ya sa waɗanda aka raba da garuruwansu cikin wannan kaso, kuma ko ba a bi ta nan ba, talaucin da suke ciki ya shigar da su ta ƙofar farko. Mutumin da a da shi ke fitar da dami goma yana rabawa, kunya kan hana shi miƙa hannu, don haka sai an bi shi har inda yake. Idan kaka ta yi aka auna gero da dawa a Isa da Sabon Birni da Goronyo aka ware na zakka, magidancin da ke kwana da iyalinsa a ajin firamare yana cikin waɗanda aka ware dominsu, kuma ba sai ya ce ya haƙura da garinsu ba kafin a kai masa.